Yatsan da Na'ura Ba Ta Gani

A kamfanin fatun da Badi'a take aiki a Challawa, an kawo wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ma'aikata suka laƙaba wa suna Ɗan-aike. Ba shi da hannu, ba shi da ido. Abin da yake da shi kayan aiki ne a cikin kwamfuta, wani na duba waɗanda suka zo aiki, wani na tura saƙo, wani na cire sunan wanda ya daina zuwa. Kowanne da ɗan bayani a jikinsa, kuma bayanin nan kaɗai Ɗan-aike yake karantawa ya san wanda zai ɗauka.

Aikin Badi'a shi ne ta gwada bayanan kafin a saki Ɗan-aike ranar Litinin. Ta ba shi aiki na gwaji, ta zuba ido ta ga ko bayanin ya kai shi inda ya dace. Idan ya kai shi, ta danna kore. Idan ya ɓatar da shi, ta danna ja.

Ranar Alhamis da hantsi ta ce masa ya duba zuwan ma'aikata na watan jiya, ya yi abin da ya kamata. Kafin ta kurɓi shayinta ya gama. Ya ware mutanen da ya ce sun daina zuwa, ya ɗauko abin cire suna. Na farko a cikinsu Baba Ya'u, dattijon da ya yi mata sannu da zuwa a bakin get da safen nan.

Ta miƙe ta nufi sashen jiƙo, inda ake tsoma fatu a ruwan magani don gashi ya zube. Ta tarar da shi yana jan wata fatar saniya.

"Baba, kuna danna yatsa a na'urar rajistar zuwa aiki kuwa idan kun zo?"

Ya yi dariya, ya buɗe mata tafin hannunsa. Yatsun sumul kamar bayan cokali, maganin ya cinye zanen tas.

"'Yata, wannan na'urar taku ta daɗe da daina gaisawa da ni. In na danna sai ta yi min ƙara kamar na taka mata ƙafa. Maigadi ne yake ɗaga min hannu in wuce, shugaban shif ya san ina nan. Duk tsofaffin jiƙo haka muke."

Ta koma ofis ta sake karanta bayanin abin duba zuwan ma'aikata. An rubuta: wannan yana nuna waɗanda suka zo aiki. To ashe nan gizo yake saƙa. Ba waɗanda suka zo yake nunawa ba, waɗanda na'ura ta gane yatsansu ne. Ta danna ja.

Bayan azahar manaja, Alhaji Muhyiddeen, ya shigo da waya a kunne. Ya kashe ta ya tsaya a kanta.

"Badi'a, wane irin ja nake gani? Mutanen da suka sayar mana sun ce a gwajinsu bai taɓa ɗaukar abin da ba shi ba."

"Ranka ya daɗe, ai bai yi kuskure ba. Abin da aka gaya masa ya bi. Bayanin ne ya yi masa ƙarya."

"Bayani yana ƙarya? Layi ɗaya fa!"

"Layin nan zai kori duk wanda ya daɗe a jiƙo."

"To in ya cire su sai su zo ofis a mayar da su. Ina abin tashin hankali?"

"Baba Ya'u ne zai hau bene ya yi gardama da kwamfuta? Saƙo zai gani a waya an ce an sallame shi, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya koma ƙauyensu."

Alhaji ya ja kujera ya zauna, ya sassauta murya. Ya ce masu kamfanin za su zo Litinin su gani da idonsu, ya riga ya yi musu alkawari. Ya ce gyaran bayani sai an koma wajen waɗanda suka rubuta shi, su kuwa ba sa sauri. Ta danna kore yanzu, daga baya a gyara a nutse.

"Ba zan danna ba."

"Ke fa ba ki cika shekara a nan ba."

"Na sani. An ce in duba ko bayani yana kai shi daidai. Na duba, ba ya kai shi. Ga kwamfutar nan, Yallaɓai, ku shiga da sunanku ku danna, ba mai hana ku. Amma da nawa dai a'a."

Ta tura masa allon gabansa. Ba ta sunkuyar da kai ba. Alhaji ya kalli koren, ya kalli sunayen da ke jere a gefe. Ya ɗora hannu a kan tebur. Daga ƙasa ana jin manyan gangunan wanke fata suna juyawa.

"Kina da taurin kai wallahi," ya ce. "Me kike so a rubuta?"

"Gaskiya kawai. A ce yana nuna waɗanda na'ura ta gane yatsansu, kuma kada a cire kowa sai an tambayi shugaban shif."

Ya miƙe yana gyara hula.

"Rubuta ki tura musu. Litinin ba za a kunna ba. Amma ke za ki tsaya gaban masu kamfani ki faɗa musu dalili da bakinki, ni ba zan tare miki ba. In suka ce ki tafi, kin tafi."

"Zan tsaya," in ji Badi'a. Ta jawo allon ta fara rubutu.