Gado Na Tara

A ɓangaren tiyata na asibitin nan, magana ba ta tsallake kan kowa. Ƙaramin likita ya gaya wa Mataimaki, Mataimaki ya kai wa Oga, babban likitan ɓangaren. Wanda ya yi gaban kansa, Oga ya wanke shi tas a gaban majinyata, takardarsa ta gama koyon aiki kuma ta yi ta shan ƙura ba sa hannu.

Dogo ƙaramin likita ne, saura masa mako biyu ya gama. Da azahar ya tsaya a kan gado na tara, wurin wani tela da aka yi wa aikin hanji da safe. Leɓen mutumin ya yi fari fat, cikinsa ya ɗaure kamar ganga, awon jini sai sauka yake.

Sista, tsohuwar nas da ta ga jiya ta ga yau, ta taɓa cikin sau ɗaya.

"Jini ke zuba ta ciki. Ɗan nan, kira Oga."

"Sai ta hannun Mataimaki, Sista."

"To kira shi mana, ka tsaya min kamar turke!"

Mataimaki na ɗakin tiyata, hannunsa cikin wani. Saƙo ya dawo: a ƙara ruwa, yana tafe.

Dogo ya ƙara ruwa. Lambar Oga na cikin wayarsa, ya buɗe ya rufe ya fi sau biyar. Bara wata likita ta kira kai tsaye, Oga ya ce, "Ke, ni sa'anki ne?" Wata uku ta maimaita.

Matar telan ta matso. "Likita, ƙafarsa ta yi sanyi. Ko in rufa masa zane?"

"Rufa masa, Baba."

"Ba ni wayar," in ji Sista. "Ni ba ni da takardar da za a riƙe."

"Da wayata? Ai duk ɗaya ne. Minti biyar, Sista, yanzu Mataimaki zai fito."

Minti biyar ya haifi arba'in. Sai da telan ya daina amsa sunansa sannan Dogo ya danna lambar Oga. Oga ya iso da gudu, abin da ba a taɓa gani ba, ya tura gadon da hannunsa. A bakin ƙofar tiyata numfashin ya tsaya. Suka danna ƙirji har gumi ya jiƙa su, a banza.

Oga ya cire safar hannu, ya dubi Dogo.

"Me ya hana ka kira na tun farko? Dodo ne ni?"

Babu wanda ya ɗaga kai. Mataimaki, da fitowarsa ke nan, ya shiga duba agogo.

"Je ka gaya wa iyalinsa," in ji Oga, ya wuce ofis.

Matar na zaune a benci, takalman mijin a cinyarta. Da ta hango Dogo ta miƙe, ta rusuna.

"Sannu da ƙoƙari, Likita. An shiga da shi?"