Ruwa Ya Yi Gyara

Bayan fari ya sake cinye masa gyaɗa, Bilya ya yi zuciya ya sayar da gonarsa ta ƙauyen Fulatan, ya hau motar kaya mafi araha zuwa Libya. A Bilma, garin gishiri da dabino a tsakiyar sahara, motar ta mutu. Direban, ɗan banza, ya tafi nemo makaniki bai dawo ba.

Guzuri ya ƙare. Bilya ya koma dakon gishiri, ana biyansa da busasshen dabino. Wata Juma'a ya ari waya ya kira yayansa Gwadabe, sai ya ji wata ƙara kamar ana suya.

"Yaya, layin ne ba kyau?"

"Ruwa ne a kan kwano. Tun asuba ake tafkawa."

Bakin manomi ya riga hankalin Bilya: "To, ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara," in ji Gwadabe. "Na bi ta gonarka jiya. Gyaɗar mutumin da ya saye ta har ta rufe kunyoyi."

Bilya ya lashi leɓensa. Gishiri ne.