Ƙarfen Da Na Jefa A But Ɗin Madam Birago

Shekara ashirin da shida mijina yana gyaran mota a Magazin, unguwar kanikawa da ke nan Suame a Kumasi, amma har yau rumfarsa kwano shida ce. Waɗanda suka koyi riƙe sifana a hannunsa sun gina benaye a Tafo. Shi kuwa Masta Ntim suna kawai ya tara: duk layinmu in musu ya kaure a kan mota, sai a ce a kira Ntim, shi ba ya ƙarya. Sunan yana da daɗin ji, amma ni Fosuaa da nake sayar da shinkafa da wake a gefen rumfar, ban taɓa ganin an zuba shi a tukunya ba.

Laifinsa ɗaya ne, hannunsa ya cika sauri. Mutanen Kumasi ba sa yarda da gyaran da bai wahalar da su ba. So suke motar ta kwana uku, a baje kayan cikinta a kan buhu, a faɗi kuɗin da zai sa su dafe ƙirji, sannan a jefa musu tsohon ƙarfen da aka cire a cikin but su je gida su nuna wa dangi. In babu ƙarfe a but, to ba a yi aiki ba. Ntim kuwa sai ya kasa kunne, ya ɗaure waya guda, ya ce a ba shi sidi goma. Mai mota ya yi godiya, ya zagaya layin baya ya kai wa wani ya sake dubawa.

Ranar wata Talata sai ga Madam Birago an turo ƙaramar motarta har ƙofar rumfarmu. Kowa ya san ta: shagon atamfa a Adum, motocin haya huɗu, kuma ta yi faɗa da bakanikenta tana neman wani. Ina ganinta na fara lissafa kwanon rufi a zuciyata.

"Masta, gareji uku na je, duk sun ce famfon mai ne ya mutu," in ji ta. "Kai kuma me za ka ce?"

"Madam, bari motar ta fara faɗin nata tukuna."

Na ja ta zuwa bencina na cika mata faranti har da ƙwai biyu. Ba ta kai rabi ba na ji motar ta tashi sumul. Ntim ya zo ta bayana yana goge hannu, ya raɗa min cewa kan batir ne ya yi tsatsa, in karɓi sidi goma, shi zai je gwada wata mota. Ya tafi abinsa yana fito. Haushi ya kama ni har na ji kunnuwana sun yi zafi.

Na leƙa bayan rumfa. A tsakaninmu da Sarfo mai walda akwai tarin ƙarafa, a samansa ga wani faifai mai nauyi, baƙi, da haƙora zagaye da shi. Wannan kam ko makaho ya taɓa ya san abin mota ne. Na rungumo shi da ƙyar na jefa a but.

"Madam, sidi ɗari huɗu ne. Ga mugun da ya hana ki barci can a but."

Ta je ta leƙa, ta taɓa shi da yatsa ɗaya. "Wannan ƙaton ne a cikin 'yar motata?"

"Shi ne. Ai Allah ne ya tsare ki."

Fuskarta ta washe, ta biya ba ta ko nemi ragi ba. Na ba Ntim gomarsa, sauran na ƙulle a bakin zane. Duk yinin nan rawa nake a gaban tukunya, har wanda bai tambaya ba sai da na ƙara masa miya.

Washegari Sarfo ya fara zagaye yana ɗaga buhuna. "Maame Fosuaa, ba ki ga wani faifai a nan ba? Na injin niƙan matar da ke sayar da dokunu ne, tuwon masarar nan, na ajiye zan gyara masa haƙora. Matar nan ta kusa cinye ni ɗanye."

Na ce ni da ƙarfe sai kallo, na ci gaba da juya shinkafa.

Ranar Juma'a Madam Birago ta dawo, direbanta ɗauke da faifan a ka kamar tallan burodi. Ashe ta ajiye shi a tsakar gida tana nuna wa baƙi, sai mai aikinta ta ce ita dai ta san wannan abu, a wurin niƙa take ganinsa. Suka kankare baƙin man, sai ga busasshen ƙullun masara a tsakanin haƙoran.

Kafin ka ce me, layi ya cika. Aka jera benci uku, aka kira Agya Bonsu, dattijon da ke shugabantar kanikawan layinmu. Dokarmu ba ta da wasa: wanda aka kama da cutar mai mota, a rufe rumfarsa wata guda, a kuma bi layi-layi ana faɗin sunansa.

"Agya, ina so a gaya min," in ji Madam, "tun yaushe motata take niƙa masara?"

Wani daga baya ya ce, "Madam, mudu nawa take ci a lita?" Wani ya ce a bar masa ita ranar Asabar yana da biki. Sarfo ya kutso ya rungume faifansa kamar ɗan da ya ɓata a kasuwa. Har Agya Bonsu sai da ya rufe baki da hankici, kafaɗunsa na girgiza.

Ntim kaɗai bai yi dariya ba. Ya kalli faifan, ya kalli tarin ƙarafan bayan rumfa, sannan ya kalle ni sau ɗaya.

"Masta Ntim, me ka ce?" in ji Agya.

"Agya, a rumfata aka yi. Duk abin da kuka yanke, na ɗauka."

Na ga Agya ya gyara zama zai yi magana, sai kawai na ji ni a tsaye, ludayi a hannu.

"Ni ce. Shi sidi goma ya ce, kan batir kawai ya kankare. Ni na ɗauko ƙarfen, ni na faɗi kuɗin, ga su nan, ban da gomarsa ko sisi ban taɓa ba." Na kwance bakin zane na ajiye a gaban Madam.

Dariyar da ta fashe har layin masu fenti an ji ta. Nan take aka raɗa min suna Injiniya, kuma har yau bai sake ni ba. Madam ta juya ga mijina.

"Sidi goma? Motar da kwana uku ke nan ko tari ba ta yi ba?"

"Aikin goma ne, Madam."

"To wallahi da goman aka ce min, da layin baya na zagaya." Ta zaro sidi goma ta miƙa masa, ya ce an riga an biya shi. "Ranar Litinin zan turo motocina. Amma Injiniya ta tsaya wajen shinkafarta."

Agya ya ci ni tarar ciyar da dattawan layi kyauta, taro ya watse ana ta tsokanata. Ni kuwa farin ciki kamar in yi tsalle. Da yamma na iske Ntim yana jera sifanu a akwati, na dafa kafaɗarsa.

"Maigida, ka gani? Motoci huɗu. Ba don ni ba ai da ba ta dawo ba."

Bai ɗago ba. Ya goge wata sifana, ya sa ta a wurinta.

"Fosuaa, na san ana ce min wawa a Magazin. Shekara ashirin da shida ina ji, bai taɓa damuna ba, don ina zaton ke ba kya cikin masu faɗa."

Ya rufe akwatin ya sa kwaɗo. Kunyar da ban ji a gaban benci uku ba, a nan ta kama ni. Na buɗe baki in ce ban taɓa faɗa ba, sai na kasa, domin mu biyun mun san abin da na jefa a but ɗin nan. Ya ɗauki babbar tukunyata kamar kullum ya yi gaba, na bi shi a baya har tasha.