Ƙwan Fingi a Hammatar Tela

Abin da matar Tela ta rasu ta bar masa bai wuce kaza ɗaya ba, fingi, mai gashi a murɗe kamar wadda iska ta kaɗa ta baya. Bayan wata shida muzuru ya cinye ta. Ƙwai uku suka rage a bayan randa, kuma duk unguwar babu mai irinta.

Ya kwashe su a hula ya kai wa ƙanwarsa, wadda baƙar kazarta ke kwanci. Ta gaya masa kazar ta riga ta kwana huɗu a kan nata, ranakun ba za su zo daidai ba. Ya ce yaushe kaza ta san ƙidaya? Ya yi musu alama da allin ɗinki, ya tura su ƙarƙashinta tana saransa a hannu.

Ashe ta sani. Da nata suka ƙyanƙyashe, kwana ɗaya ta ƙara, ta miƙe ta karkaɗe jiki, ta ja 'yan tsakinta takwas tsakar gida. Masu alli suka fara sanyi a akurki.

"Yaya, haƙuri za ka yi. Sun zama baragurbi."

Ya kwashe masu allin. Ya koma shago ya ɗinka 'yar jaka, ya cusa auduga, ya ɗaure ƙwan a hammatarsa. Kwana uku yana taka keken ɗinki hannu a manne, ɗinki na karkacewa. Wanda ya tambaya ko maruru ne, sai ya ce shi ne. Biyu suka yi dungu, wari ya tona su.

Da hantsi ƙwai na ukun ya ƙwanƙwasa masa haƙarƙari. Ɗan baki ya huda ɓawo, daga nan ya tsaya. Ya garzaya wurin ƙanwar, ta ce ya bar shi ya fito da ƙarfinsa, amma zuciya ta ƙi. Ya sa bakin allura ya ɓanɓare kaɗan, sai ga jini. Ya mayar da ƙwan jaka, bai ƙara taɓawa ba.

Da la'asar ɗan tsakon ya fito, jiƙe, wuya a langaɓe. Da ya bushe Tela ya ajiye shi gaban baƙar kaza. Ta karkata kai ta dube shi, ta kai masa sara.

Ya ɗauke shi da sauri. Ya tambayi ƙanwar ko tana ganin fingi ne.

"Sai fiffike ya fito za a sani, Yaya," in ji ta. "In ya kai."

Ya buɗe jakar ya mayar da shi hammata.