Tantin da Anna ta kafa

Tun kafin damina Anna, mahaifiyata, ta rantse ba za ta ƙara zuwa daji wurin Kaka ba sai da wurin wanka. Ta gaji da laɓewa bayan ƙaya da buta, tana wanka tana korar awaki. Abba bai ce komai ba. Shi dama ba ya cewa komai, shekara goma sha tara ke nan da aurensu.

Ni ta ja zuwa kasuwar Agadas sayen tantin wanka, don na iya karanta takardar bayanin da ke cikin jakarsa. Mai shago ya fito da tantin wanka kala uku. Rawayan, da Anna ta sa hannu ciki ta ɗaga wa rana, sai ga yatsunta biyar ras.

"Wannan ai gara ƙayar," in ji ta.

Koren gajere ne, kanta a waje. Ta ɗauki shuɗi mai tsawo, mai ƙugiyar rataye bokiti da turaku huɗu. Da aka kwance shi sai ya yi tsalle ya miƙe da kansa, har na saki ƙara, abin kunya.

Mun isa zangon Kaka kusa da Ingal da hantsi. Abba ya sauke mu daga nesa, ya ja amawali har gindin ido, ya wuce wurin maza, tun da suruki ba ya zama inda surukarsa take. Ko ruwa ba ya sha a gabanta.

Bayan azahar Anna ta duba inda iska ba ta da ƙarfi, ta ga babu kamar gefen tantin Kaka. Nan ta kafa nata, ta buga turaku, ta shige da bokiti da sabulu, ta ja zif. Ta ce in tsaya a ƙofa.

Ban yi tunanin komai ba, wallahi, sai da na ga gwaggo Takammat, yayar Anna, ta tsaya cak da akushi a hannu. A wurinmu tanti na mace ne. Ranar aure ake kafa mata, ranar da aure ya mutu ta naɗe abinta ta dawo ta kafa gefen na uwarta.

"Tekna ta dawo da tantinta!" Gwaggo ta kira Anna da sunanta na yanka, ta rangaɗa guɗa.

Na buɗe baki in yi bayani. Kafin in furta kalma ɗaya mata sun cika wurin.

"Wannan ne tantin? Shekara sha tara a birni, da wannan ya sallamo ta?"

"A tsaye take kwana ke nan, baiwar Allah, kamar jaki."

"Ni tun ranar biki na faɗa. Namijin da ba ya magana, mugunta yake tarawa."

Kaka ta zagaya tantin sau biyu, ta shafa shi, ta ce ko tabarma ɗaya babu a jikinsa. Sannan ta ce a kama akuya, 'yarta ba za ta dawo gida shiru kamar ɓarauniya ba. Aka jiƙa fata aka ɗaure a bakin turmi, kiɗa ya tashi.

Na matsa jikin tantin na raɗa, "Anna, cewa suke aurenki ya mutu."

Ƙarar ruwa ta tsaya.

"Me suka ce game da ubanki?"

Na faɗa mata.

"Bar su tukuna," ta ce. "Ban cuɗa baya ba."

Kiɗa ne ya jawo maza. Na farko da ya iso wani Ewangay ne, wanda matarsa ta rasu bara, bisa farin raƙumi, ya sha rawani kamar mai zuwa idi. Ya durƙusar da raƙumin daidai ƙofar tantin, ya fara yabon idanun wadda ke ciki, idanun da a lokacin na tabbata sabulu ne a cikinsu. Ya ce yana da raƙuma mata talatin, kuma tantin da za a yi mata a gidansa mutum zai iya miƙe ƙafa.

Sai ga Abba a ƙasa, da sauri, takalmi ɗaya a hannu. Ya iso ya ga Kaka zaune, ya tsaya kamar an dasa shi. Ba zai yi magana da matarsa a gaban surukarsa ba, ba kuma zai koma ba. Ya juya wa Kaka baya, ya dube ni.

"Ghaisha, tambayi uwarki, me na yi?"

Na juya ga tantin. "Anna, wai me ya yi?"

"Ce masa ya yi tunani."

Na faɗa, ko da yake kowa ya ji. Mata suka rage kiɗa don kada su rasa komai.

Abba ya yi tunani. Ya ce in dai maganar firij ce, zai gyara. Ya ce in maganar ƙanensa ce da ya zo kwana uku ya shekara, ƙanen zai koma inda ya fito. Gwaggo Takammat ta ce, "Ashe da sauran kaya a buhun." Tantin dai bai motsa ba. Gumi ya jiƙa amawalin Abba. Ewangay ya gyara zama a kan sirdi, ya ce shi ba shi da ƙane ko ɗaya.

"Ghaisha," Abba ya ce, muryarsa can ƙasa, "ce mata in ta zauna nan, ban san yadda zan shiga gidan nan ba. Ce mata shayin kowa ɗaci yake yi mini in ba nata ba."

Ban iya maimaitawa ba, kunya ta kama ni. Ba a ma bukata. Wata tsohuwa ta ce, "Ashe yana da harshe!"

Zif ya ɗan buɗe, bokiti ya fito, babu ko ɗigo.

"Ce masa ruwa ya ƙare mini, ga sabulu a kaina."

Gwaggo ta leƙa ƙasan tantin, ta ga kumfa tana gangarowa cikin rairayi.

"Wanka take yi? A cikin tanti?"

Abba bai tsaya jin sauran ba. Ya ɗauki bokitin, mutumin da ban taɓa gani ya ɗauki ko buta don wani ba, ya ratsa tsakiyar mata ya nufi rijiya. Ewangay ya tayar da raƙuminsa ya ce dama wucewa yake yi.

Kaka ta ce akuya dai an riga an yanka, a ci gaba da kiɗa. Anna ta fito bayan bokiti na biyu tana ƙamshi, ta yi ta mamaki wai me ya tara mutane haka. Da za ta wuce Abba, ba ta dube shi ba, ta ce da ni, "Ce masa maganar ƙanen nan, na ji, kuma da shaidu."