Tuffar Gesche

Tun da tuffa ta yi fure ruwa yake zuba, irin ruwan da cutar ƙazuwar ganye ke so. Duk mai gona a bakin kogin Elbe yana kan tarakta yana feshi. Bishiya ɗaya ce aka hana wa magani, a gonar tsoho Hinnerk. Matarsa Gesche ce ta shuka ta daga ƙwayar iri, kuma har ta rasu tana cewa cuta ba ta kama ta.

'Yarsu Wiebke ta ɗaura wa bishiyar jan ƙyalle, ta rataya mata ruɓaɓɓen ganye mai cutar, da gangan. Sharaɗin Tönjes mai sayar da dashe ke nan: in ta tsallake wannan ruwa ba magani, zai yanki rassanta ya yi musu aure da wasu bishiyoyi, iri ya yaɗu da sunan Gesche.

"Ke da hankalinki, ki ɗauki ciwo ki kai mata har gida?" in ji Hinnerk.

"Baba, in ba a gwada ba, wa zai yarda da maganar Mama?"

"Bishiyar ita kaɗai ce fa."

Ƙazuwa ba ta cika kashe bishiya ba, Hinnerk ya fi kowa sani, amma je ka gaya masa.

Ranar da Tönjes ya zo dubawa, Wiebke ko kofi ta kasa sha. Mutumin akwai nawa, kamar mai tsince shinkafa. Ya juya wannan ganye, ya ɗaga wancan, ya leƙa ƙasan reshe. Ko ɗigon baƙi babu. Har ta fara jin ƙwallar murna, sai ta ga ya murza ganye ɗaya a yatsa ya kai hanci. Ya miƙa mata.

Warin farar wuta ne, maganin feshi.

"An ɓata gwajin," in ji Tönjes. "Baɗi kuma ban yi alkawari ba."

Wiebke ta juya, ranta a ɓace. "Baba, kai ne?"

Tsohon yana kallon takalmansa na roba. Da ƙyar ya ɗago.

"Ina ji ina gani ciwo ya cinye uwarki, ban da abin ba ta. Wannan kuwa ina da maganinsa a rumbu."

Wiebke ta nufi bishiyar. Ta sa hannu ta kwance jan ƙyallen.