Minti Goma a Cikin Awa Ɗaya

"Minti talatin da takwas kina magana," in ji mai horar da su, ya juyo mata da fuskar agogon da ke hannunsa. "Ke kaɗai, Likita. Ɗalibai takwas suka raba sauran."

Karo na biyu ke nan da ta faɗi gwajin. Shekara ashirin da biyu tana duba yara, ɗalibanta na gida suna ce mata Rediyo a bayan idonta, ga shi jami'arta ta turo ta ƙasar waje ta koyi yin shiru. Sabon tsarin haka yake: a ba ɗaliban likitanci labarin maras lafiya a takarda, su tattauna, su gano abin da ba su sani ba, su je su karanto. Aikin malami tambaya kawai. Minti goma aka yarje mata a awa.

"Saura gwaji ɗaya, jibi," in ji shi. "In kika wuce goma, ba takardar shaida. In ba takarda, kin san jami'arku ba za ta buɗe ajin ba a bana."

Ta koma ɗakin da aka kama mata a hawa na huɗu. Gado, tebur, butar lantarki, sai taga mai kallon bangon wani gini. Mako biyar ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar. Mai kanti a ƙasa da yatsa yake nuna mata farashi. A duk garin, ɗakin tattaunawar nan ne kaɗai inda ake juyowa a dube ta, kuma a nan ɗin aka ce ta kama bakinta.

Ta kira ƙanwarta, ta ba ta labari.

"Yaya, ke? Shiru?" Ƙanwar ta fashe da dariya. "Su ɗaure miki bakin da bandeji mana, ai sun fi kowa shi!"

"Ke dai ba ki da kunya. Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Yaya, zan kira ki, yara sun dawo daga makaranta."

Kiran bai kai minti biyu ba.

Ranar gwaji mai agogo ya zauna a kusurwa. Wani dogon ɗalibi mai son a ji shi ya karanta takardar: yaro ɗan shekara huɗu, ya faɗo daga kan kujera jiya, yau yana ɗingishi, ya ƙi a taɓa masa ƙafa, jikinsa da zafi.

Tun kafin ya kai ƙarshe ta gane. Mugunya ce a gaɓar ƙugu. Faɗuwar tarko ce kawai. In aka kwana biyu ba a buɗe wurin ba, yaro ya gurgunce har abada. Ta taɓa sallamar irinsa da maganin ciwon jiki a shekararta ta farko a aiki, ya dawo a goye.

"Targaɗe ne," in ji dogon. "A ɗauki hoton ƙashi, a sallame shi."

Shida suka gyaɗa kai. Mai rubutu ya rubuta a allo.

Ta danne harshenta da haƙori. Minti ashirin suna jan maganar jijiya da ƙashi.

A can ƙarshen teburin akwai wata ɗaliba mai gilashi da ba ta ce uffan ba tun farko. Sau biyu tana buɗe baki, dogon yana rigan ta.

"'Yata," in ji Likita, "me kika ja wa layi a takardarki?"

Ɗalibar ta dubi bayanta, ko da wata ake. "Zafin jikin ne, Malama. Ban ga yadda kujera za ta kawo zazzaɓi ba."

"Mura ce ta haɗu da shi," in ji dogon. "Yara kullum cikin mura suke."

"Takardar ta ce yana mura?" Likita ta tambaya.

Aka sake karantawa. Takardar ba ta ce ba.

Gardama ta kaure, huɗu nan, huɗu can. Da lokaci ya cika, targaɗen yana nan a allo ba wanda ya goge. Amma a ƙarƙashinsa, cikin abubuwan da za su karanto kafin Litinin, an rubuta: me ke haɗa zazzaɓi da ɗingishi a yaro?

Suka kwashe jakunkuna suka fita suna ta musu.

"Minti huɗu," in ji mai agogo. "Kin ci."

"Amma ba su gano ba." Ta miƙe tsaye. "Bari in tare su a matakala, kalma ɗaya ce."

"Sai Litinin. Su za su kawo ta."

"Jirgina Lahadi ne."

"Na sani." Ya sa hannu a takardar shaidar, ya miƙa mata, ya duba agogonsa ya fita, wani ajin yana jiransa.

Ta leƙa ta taga. Ga su can suna ƙetare titi, dogon yana ta wurga hannu, mai gilashin tana binsa a gefe tana nuna masa takarda. Suka sha kwana.

Ta ciro waya ta kira ƙanwarta. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta zauna a kujerar ɗalibar, takardar a cinyarta, har mai shara ta shigo da bokiti ta nuna allon da hannu, tana tambaya ko a goge.